Tama: Idan ƙafar tsohon babur ta fara hawaye

Duk wanda ya tsaya a Tama ranar kasuwa ya dubi baburan da aka jera a inuwar dogon yaro, zai ga wani abu da idon mutanen garin ya saba da shi har ya daina gani: tsumma ɗaure a ƙafar gaban babur. Wani an ɗaure shi da igiya, wani da guntun robar taya. Tsumman ya sha mai ya yi baƙi ƙirin, jar ƙurar hanya ta bi ta manne masa. Ba ado ba ne, ba kuma laya ba ce. Alama ce ta cewa wani ɗan zoben roba, wanda tafin hannu ke iya rufewa, ya gaji da aiki, mai na tsiyaya ta inda bai kamata ba, mai babur kuwa ya zaɓi share hawaye a maimakon neman abin da ya jawo kukan.

Makanikan Madawa da na Buza na kiran wannan zobe juwan sipi, ko juwan na fursh, fursh kuwa shi ne ƙafafun nan biyu masu riƙe da tayar gaba. In an ƙetare iyaka zuwa Illela ko Sakkwato sai a ji ana ce masa oyil sil. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ga mai sabon babur sayensa ba wani aiki ba ne: ya faɗi sunan baburinsa, a miƙo masa. To amma ga mai babur ɗan shekara 30 ko 40, zaɓen wannan ɗan zobe ya zama wata ƙaramar shari'a, wadda ake faɗuwa cikinta sau biyu ko sau uku kafin a gane inda gizo ke saƙa.

Tsofaffin babura ba su yi ƙaranci ba a wannan yanki na jahar Tawa, kuma akwai dalili. Bayan farin shekarun 1970 ayyukan raya karkara sun yi ta shigowa Adar. A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska. A 1984 aka buɗe babban furojen Kaita da kuɗin ƙasar Italiya. Zamanin furoje-furoje ne ya ɗora malamin gona, da malamin dabbobi, da mai allurar rigakafi bisa Yamaha DT da ire-irensa, domin babu wata mota da za ta bi kowane ƙauye da ke maƙale a gefen dutsi. Da baburan suka tsufa, da yawansu sun koma hannun ma'aikatan da suka hau su, daga nan suka wuce ga ƴaƴa da ƴan kasuwa. A ɗaya gefen kuma, ta hanyar Nijeriya, ga Honda CG125, wanda ya fito a 1975 bayan injiniyoyin kamfanin sun zagaya ƙasashen Asiya a 1974, sun ga yadda talaka ke loda wa babur kaya fiye da kima kuma ba ya sauya masa mai a kan lokaci. Don irin wannan mahayi aka ƙera shi, shi ya sa har yau bai mutu ba. Baburan Sin da na Indiya sun mamaye kasuwa tun daga shekarun 2000, amma mai tsohon DT ko tsohon CG ba ya rabuwa da abinsa cikin sauƙi, kuma yana da gaskiya.

Kowace ƙafa ta fursh sanda ce ta ƙarfe mai sheƙi da ke shiga tana fita cikin kube, kamar takobi. A ciki akwai resor, akwai mai. Resor ne ke ɗaukar nauyi. Mai kuwa aikinsa ladabtar da resor: duk lokacin da taya ta daki dutse, sai an tilasta wa man bi ta wasu ƴan ƙananan ramuka, wannan jinkiri ne ke hana babur yin tsalle kamar ɗan akuya. Juwan na zaune a bakin kube, leɓensa na rungume da sandar, wani siririn resor mai kamar zare na matse leɓen. Sandar na wucewa ta cikinsa dubban sau a tafiya guda, shi kuwa an ɗora masa aiki biyu masu wuyar haɗuwa: ya bar ƙarfe ya wuce, ya hana mai. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya mai suna Walther Simmer ya ƙirƙiro irin wannan zobe a kamfanin Freudenberg na ƙasar Jamus a 1929, kamfanin BMW kuma ya fitar da babur mai fursh na mai, ƙirar R12, a 1935. Kalmar sipi da ke bakin makanikai ta samo asali ne daga harufan SPI, sunan wani kamfanin Faransa da ya yi fice wajen ƙera zoben.

Abin da ke faruwa idan man ya ƙare ba a ganinsa a bisa kwalta tsakanin Madawa da Galmi. Ana ganinsa ne a gangaren dutsi, inda hanya ke saukowa daga tudu zuwa kwari, ko a jar hanya mai tudu-tudu kamar kwanon rufi, wadda direbobi ke kira tol. A nan taya kan riƙa barin ƙasa tana dawowa, tayar da ba ta taɓa ƙasa kuwa ba ta jin birki, ba ta jin kan babur. Idan ƙafa ɗaya ce ta bushe, ɗayar na da mai, sai gaban babur ya riƙa murɗewa duk lokacin da aka taka rami. Mafi muni, man da ke gangarowa yana iya bin kube har ya kai ga birkin gaba, birkin da ya sha mai kuwa sunansa kawai birki. Mai karatu ya tuna abin da waɗannan babura ke ɗauka: buhun albasa, buhun hatsi, wani lokaci mace mai naƙuda da mai riƙe ta, cikin dare, zuwa likita. Tsumma na hana mai sauka a kan wando, amma ba ya mayar da ɗigo ɗaya cikin kube.

Kama da wane ba ta wane

A ɗauki misalin tsohon ma'aikacin gandun daji da ya yi ritaya a Tama, DT ɗinsa na hawaye. Ya sauko Madawa, ya shiga rumfar mai kayan babur. Cinikin ba ya wuce kalmomi kaɗan.

"Alhaji, a ba ni juwan na DT."

"Akwai shi, Baba. Orijin kuke so ko na Sin?"

A nan aka yi kuskuren farko, kuma su biyun ne suka yi shi, domin tambayar da ta kamata ita ce: wane DT? Suna ɗaya ne, amma baburan ba ɗaya ba ne. DT na farkon shekarun 1970 sandarsa siririya ce, kaurinta wajen milimita 30. Ƙirar MX ta ƙarshen shekarun 1970 ta koma 32. DT125R da ya fito a 1988 sandarsa 41 ce. Ko a gidan CG125, inda kaurin sanda ya daɗe a kan 27, ana samun juwan iri biyu: mai lamba 27x37x7,5 da mai lamba 27x39x10,5. An ƙera CG a Japan, an ƙera shi a Burazil tun 1976, daga baya masana'antun Sin suka kwaikwayi ƙirarsa da sunaye barkatai, wasu suka bar sandar yadda take, wasu suka ƙara mata kauri. Saboda haka wanda ya ce juwan na CG bai faɗi kome ba tukuna.

Lambobin nan uku su ne sunan juwan na gaskiya, kuma a jikinsa ake rubuta su, da ƙananan harufa bisa robar. Ta farko faɗin ramin ciki ce, wato kaurin sandar. Ta biyu faɗin waje, wato faɗin gurbin da ke bakin kube. Ta uku tsayinsa. Duka da milimita. Biyun farko ba su karɓar ciniki ko kaɗan. Juwan mai ramin 31 a kan sanda mai 30 zai shiga lafiya lau, ya yi kyan gani, ya fara zuba kafin a kai Buza. Mai ramin 30 a kan sanda mai 31 zai shiga da ƙyar, ya riƙe sandar kamar ya shaƙe ta, leɓensa ya cinye cikin ƴan makonni. Wanda faɗin wajensa ya gaza kuwa, man ba ta leɓe zai bi ba, ta bayansa zai zagaya. Tsayi ne kawai ke da ɗan sassauci, shi ma ta gefe guda: in ya gaza kaɗan, ana iya cike gurbin da wasa ta ƙarfe; in ya zarce, zoben wayar da ke kulle juwan ba zai sami shiga maƙalinsa ba, juwan da ba a kulle ba kuwa wata rana rami zai turo shi waje gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da littafin kamfani ba zai taɓa faɗi ba. Babur da ya yi shekara 40 a hanyoyin Adar da wuya a ce bai taɓa faɗuwa ba, bai taɓa karo da jaki ko kututture ba. Sau da yawa fursh ɗin da ke jikinsa yau ba shi ne wanda ya zo da shi daga Japan ba. Wani makaniki ya ciro na wani mataccen babur ya ɗaura masa tun zamanin da mai shi na yanzu yana lakwal. Sunan da ke jikin tanki, da lambar da ke cikin takardun babur, duk suna ba da labarin fursh da ya daɗe da tafiya bola. Don haka hanya ɗaya ce ba ta ƙarya: a kwance, a ciro tsohon juwan, a wanke shi, a karanta lambarsa, a tafi da shi kasuwa cikin aljihu. In lambar ta goge, ko ana zaton shi ma tsohon ba daidai aka sa shi ba, sai a auna sandar da bakin kube da ma'aunin nan na ƙarfe mai zamewa, piye-a-kulis. Zare da rula ba su isa ba, domin duk rigimar a kan milimita ɗaya take. Abin mamaki ne a ga garaji mai kile iri-iri rataye a bango, amma babu wannan ma'auni, alhali kuɗinsa bai kai na aikin da ake sake yi sau biyu ba.

Ko lambobi uku sun dace, saura tarko guda, kuma ya fi yawa a ƙasar lambu irin wannan. Inda ake noman albasa akwai injin ban ruwa, inda akwai injin ban ruwa akwai juwan nasa a kowace rumfa. Shi ma baƙi ne, shi ma zobe ne, wani lokaci lambarsa ta zo daidai da wadda ake nema. Amma an yi shi ne don ƙarfe mai juyawa a wuri ɗaya, ba don sanda mai hawa da sauka ba. Duk lokacin da fursh ya nutse, iskar da ke saman man na matsewa, ta tura man da ƙarfi zuwa ga juwan. Na fursh an yi leɓensa da kauri don ya jure wannan turi, yana da leɓe na biyu a sama mai share ƙura, wasu ma resor biyu gare su. Na inji leɓensa sirara ne, turi kaɗan ke ɗaga shi. Zai iya kai mutum gida in an rasa wani, amma ba abin da za a biya kuɗin aiki a kansa ba ne.

Roba ba zuma ba ce

Sai a dawo ga tambayar Alhaji: orijin ko na Sin? Tambaya ce mai tarihi. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa da ake saye dala 10 ya koma dala 20, kayan Japan da ke zuwa ta manyan kantunan Yamai suka fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, wanda a wancan zamani albashinsa ma ba ya zuwa a kan lokaci. Ƴan kasuwa suka ƙara karkata ga Kano da Sakkwato, inda kayan ke isowa daga Ikko da Nnewi, babbar kasuwar kayan babur ta ƙasar Ibo. Aka sha na Taiwan, daga baya na Sin ya rufe kasuwa. Tun daga lokacin kalmar orijin ta zama kamar rantsuwa a bakin mai saye da mai sayarwa, har aka manta cewa buga sunan Yamaha ko Honda a kan leda ya fi ƙera juwan sauƙi. Su kansu kamfanonin babur ba su ne ke ƙera zoben ba. Wasu masana'antu ne ke yi musu, mafi shahara cikinsu NOK ta Japan, wadda ake ganin harufanta uku a jikin juwan da yawa na asali. Harufan nan ma ana satarsu.

To a ce an dace, Alhaji ya laluba ƙasan akwati ya fito da na asali na gaske, ledarsa ta yi ja don tsufa, wanda ya kwanta tun kafin a karya sefa. Mai tsohon babur kan ji kamar ya tsinci dami a kala, ya biya ninki uku yana godiya. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to amma roba ba zuma ba ce. Galibin juwan na fursh da robar nitril ake yin su, ita kuwa tana tsufa ko ba a taɓa ta ba: zafi da rana da iska na busar da ita, ta yi tauri, ta fara tsagewa a ɓoye. Ƙa'idar duniya ta ajiyar kayan roba, ISO 2230, ta ba nitril shekara 7 kafin a sake duba shi, shi ma da sharaɗin an ajiye shi cikin duhu, a wurin da zafinsa bai kai digiri 25 ba, kuma ta ce ƙarin digiri 10 na rage wa'adin da kusan rabi. Mai karatu ya kwatanta wannan da rumfar kwano a kasuwar Madawa cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa. Piston na asali ɗan shekara 30 dukiya ce. Juwan na asali ɗan shekara 30 abin tarihi ne. Sabon juwan na wata masana'anta mai matsakaicin suna, in lambarsa ta dace kuma robarsa na da rai, ya fi shi nesa ba kusa ba. Wanda ya fi su duka shi ne na asali sabon ƙira, in har kamfanin na yin sa, kuma ga wasu lambobin da baburan yau ke amfani da su ana samu.

Gane mai rai ba ya bukatar ilimin boko, yatsa da ido sun isa. A tura leɓen da ɗan yatsa: mai kyau na lanƙwasa ya dawo nan take, matacce na da tauri kamar busasshiyar fata, ko ya dawo a hankali. A fita da shi rana, a ɗan buɗa leɓen, a duba ko akwai ƴan tsage-tsage kamar na ƙasar fadama da rani. Bakin leɓen ya kasance mai kaifi, sumul, babu gemun roba da ya rage daga maƙera. Siririn resor ya kasance a gurbinsa, ba tsatsa, mahaɗinsa a ɗaure. Jikin zoben, inda ƙarfe ke ɓoye cikin roba, kada ya lanƙwashe da matsin yatsu biyu. Ɗan kasuwar da ya hana a buɗe leda a duba ya riga ya ba da amsa.

Wasu kan zo da juwan mai launin ƙasa-ƙasa ko kore, su ce Viton ne, ba ya jin zafi, kuɗinsa ya fi. Gaskiya ne akwai irin wannan roba, kamfanin DuPont na Amurka ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1950, kuma tana jure zafin da ya kai digiri 200, alhali nitril na tsayawa wajen 100. Amma wannan fa'ida ce a cikin inji. Fursh ba ya kusantar irin wannan zafi ko da a tsakiyar bazara. Launi kuma ba shaida ba ne, rini ne.

An bar jaki ana dukan taiki

Yanzu tsohon ma'aikacin nan ya sami juwan mai lamba daidai, mai rai, an sa masa, ya koma Tama. Bayan sati biyu ƙafar ta sake jiƙewa. Zai zagi Alhaji, ya zagi ƙasar Sin, ya sayo wani. Na uku ma haka. A mafi yawan irin wannan hali juwan ba shi da laifi ko kaɗan. Sandar ce ke yanka shi.

Ƙyallin da ke jikin sanda wani siririn rufi ne na kurom bisa baƙin ƙarfe. Tsakuwar da tayar motar gaba ke harbowa na fasa shi, ruwan damina ya shiga, tsatsa ta ci ta ƙarƙashi ta ɗago bakin ramin, ya zama ƴar wuƙa da ido ke gani kamar ɗigon tawada. Duk hawa da sauka sai ta bi ta kan leɓen juwan. Shi ya sa makaniki mai hankali, kafin ya aiki yaro kasuwa, yakan goge sandar tas ya bi ta da farce daga sama har ƙasa, musamman inda juwan ke kai da komowa. Duk inda farce ya maƙale, a nan kuɗin mai babur ke zuba. In ramukan ƴan kaɗan ne kuma ƙanana, ana kashe kaifinsu da sanfefa mafi laushi da ɗan mai, a hankali, ana zagaya sandar, ba a bin tsawonta, domin zane a tsaye hanya ce da aka share wa mai. In kurom ya ɓare ya bar fili, babu juwan da zai yi magani a duniya, sai wata sanda. Haka in ta lanƙwashe: a mirgina ta bisa gilashi ko wani shimfiɗaɗɗen ƙarfe, mai lanƙwasa za ta riƙa ɗingishi. Sai kuma kuben kansa. Da yawa daga cikin tsofaffin ƙananan babura ba su da bagi da ake sauyawa a ciki, sandar na gugar jikin kuben ne kai tsaye, shekara da shekaru, har ramin ya faɗaɗa. A riƙe ƙasan ƙafar a girgiza gaba da baya. In an ji tana ƙwanƙwasa, sandar na kwanciya gefe guda tana buɗe leɓen juwan ta ɗaya gefen.

Wani lokacin kuma abin bai kai haka ba. Ƙwayar rairayi guda ce ta shige ƙarƙashin leɓe ta tokare shi. A ɗaga hular ƙura, a zura wani siririn abu mai laushi tsakanin leɓe da sanda, a zagaya da shi, a jawo dattin waje. A da guntun fim na hoto ake yi da shi. Yanzu da masu hoto suka koma waya, sai a yanko daga jikin gorar ruwa ta roba. Aikin minti biyar ne, kuma ya sha ceton juwan da aka riga aka yanke wa hukunci.

Wannan ya kawo zancen abin da ake raina wa, wato hular ƙura da ke saman kube, da rigar roba mai siffar zugazugin maƙeri da tsofaffin babura ke zuwa da ita. Samari na yanke rigar don a ga ƙyallin sanda, wai ta fi kyau tsirara. A Turai wataƙila. A ƙasar da hunturu ke busa ƙura wata uku, damina kuma ta shafa wa sanda laka ta bushe a kai, rigar nan ta fi juwan kansa muhimmanci, domin ita ce ke tare tsakuwa da rairayi tun kafin su iso. Wanda zai sayi juwan ya sayi hular ƙura tare da shi, ya mayar da rigar in an cire, ya tabbata ƴan ramukan shaƙar iskarta na kallon ƙasa da baya. Kuma biyu ake saye ko da ƙafa ɗaya ce ke zuba: tare aka sa su, tare suka tsufa, kuɗin kwancewa kuma ɗaya ne.

Mai babur ya zauna kusa lokacin da ake sawa, ba don rashin yarda ba. Gefen juwan mai rami, inda resor yake, shi ke kallon mai, wato ƙasa. Gefen rubutu na kallon sama. A shafa wa leɓen mai, a rufe kan sandar da ƴar leda kafin a zura, don kada kaifin bakin ƙarfe ya yanke shi tun bai fara aiki ba. A tura shi da guntun tiyon roba mai faɗinsa, ko a ɗora tsohon juwan a kai a buga a hankali, har gurbin zoben waya ya bayyana. Juwan da yawa sun mutu a wannan minti, ƙarƙashin guduma da bakin sukuddireba, aka kuma ɗora laifin a kan masana'anta.

Game da mai, tsofaffin littattafan Honda sun ce a zuba man giyar mota mai sarrafa kanta, jan nan da ake kira ATF. Na Yamaha na shekarun 1970 sun yarda da man inji mai lamba 10W30. Man fursh na musamman mai lamba 10 ya fi, in an samu. Abin da babu littafin da ya yarda da shi shi ne baƙin man da aka juye daga inji, wanda ke cike da garin ƙarfe, ko da yake shi ne ya fi kusa da hannun yaron garaji. Awo kuma ya zama daidai a ƙafafun biyu, da sirinji ko kwalba mai zane, ba da ido ba. Masu cewa a cika shi fal don babur ya ɗauki kaya suna rage wa iska wuri ne, turi ya ƙaru, sabon juwan ya fashe a ramin farko.

Saura ƴan kasuwa, waɗanda ke da rabonsu a cikin wannan magana. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. A duk lokutan biyu mai rumfa ya koyi cewa kayan da ke hannunsa su ne kayansa, ya kuma koyi saye da yawa ya ajiye. Ga sarƙa da bulon wannan dabara ce. Ga juwan kuwa, ajiyar na da sharaɗi: cikin ledarsa, cikin akwati mai murfi, a ƙasan rumfa inda ya fi sanyi, kwance ba rataye ba. Abin da aka saba gani shi ne akasin haka, an zura su a igiya kamar tsakiyar wuya, an rataye a bakin rumfa don mai wucewa ya gani, rana na dukansu tun hantsi, igiyar na cin leɓen na sama. Kuma rumfar da ta jera su bisa lamba, ba bisa sunan babur ba, za ta tarar cewa zobe ɗaya na shiga babura da yawa masu sunaye daban-daban, har da wasu na Sin da na Indiya da ke yawo yau, wanda ke nufin juwan na tsohon DT wataƙila yana cikin akwatin tun tuni da sunan wani babur.

Ga wanda lambarsa ta ɓace daga kasuwannin Madawa da Ƙonni da Tawa, Adar ba ta rasa ɗa ko ƙane a Kano, ko Abijan, ko Kwatano. A da sai a ba direba tsohon juwan a ƙulle cikin takarda, a jira wata guda. Yanzu hoto ake ɗauka a tura ta WhatsApp, tsohon zoben a kan farar takarda, lambobinsa uku rubuce a gefe da manyan harufa, da adadin da ake so: biyu, da hular ƙura biyu.